Tukwane masu shayar da kansu: abin da na gani daga hunturu zuwa damina

Asabar, 4 ga Nuwamba, 2023

Sallah ƙaramar da ta wuce kwana tara muka yi a Gumel wajen Inna. Ranar da muka dawo Kano, tun daga bakin ƙofar falo na ga ɓarnar da zafi ya yi mini. Na'ana'ar da na yi wata biyar ina renonta ta koma karmami, ɗoɗɗoya ta bi ta, ita kuwa mai farin furen nan da masu fulawa ke kira fis lili ta kwanta a bakin tukunya kamar an kwara mata tafasasshen ruwa. Moda da alobera ne kaɗai suka tsira. A bene muke, babu tsakar gida, babu kuma wanda zan ɗora wa hawan matakala kullum saboda ganye. Tun ranar na ƙudura cewa kafin wata Sallar sai na samo dabarar da shukokin nan za su yi mako guda ba tare da ni ba. Yau na fara. Zan riƙa rubuta abin da na gani da kwanan watansa.

Duk wanda ya taɓa kunna fitilar ƙwai ko risho ya riga ya san yadda wannan tukunya take aiki. Kananzir yana ƙasa, wuta tana sama, lagwani ne ke hawo da shi a hankali gwargwadon yadda wutar ke ci. To ita ma hawa biyu ce: ruwa a ɗakin ƙasa, ƙasar shuka a sama, lagwani a tsakani. Ganye ya sha, ƙasa ta fara bushewa, sai ta jawo wani ta lagwanin.

Biyu na saya haɗaɗɗu, na roba, masu ɗan jan tsinke a gefe da ke tashi idan ruwa ya cika, ya nutse idan ya ƙare. Kuɗinsu ya hana ni ƙarawa, sai na haɗa huɗu da kaina da bokitan fenti. Kowace tukunya bokiti biyu, ɗaya cikin ɗaya. Na gasa ƙusa a wuta na huda gindin na ciki, na zura lagwanin risho guda biyu, na ja su har tsakiyar inda ƙasa za ta zauna. Na soka guntun bututun wayar lantarki daga sama zuwa ƙasa, ta nan zan riƙa ɗura ruwa. A jikin bokitin waje na yi huda ɗaya, ƙasa kaɗan da inda gindin na ciki ya tsaya, domin ruwa ya tsiyaye in ya yi yawa, ya bar tazarar iska tsakaninsa da saiwa. Kowane bokiti yana ɗaukar lita ɗaya da rabi kafin ya fara zuba.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Na dasa ranar Lahadi da ƙasar da na saba, wadda ake ɗebo mini daga lambu. Zuwa Laraba saman ya yi sheƙi, na danna yatsa na ji ta kamar kwaɓaɓɓiyar laka ta gini. Yau na ɗebi dunƙule a leda na kai wa dattijon da nake sayen fulawa a wajensa a bakin titi, can Nasarawa. Ya matse ta a tafin hannu, ya buɗe, ta tsaya cur da shatin yatsunsa.

"Hajiya, wannan ai ta yin tukunya ce, ba ta zuba wa tukunya ba," in ji shi. "Saiwa numfashi take yi kamar ni da ke. Kin toshe mata hanci."

Na ce, "To Baba, me zan zuba?"

Ya ja ni bayan rumfa ya nuna mini tarin ɓuntun shinkafa da ya turara har ya yi baƙi bai zama toka ba. Ya auna mini da gwangwani: biyu na ɓuntun, biyu na takin shanu da ya shekara ya ruɓe har ba ya wari, ɗaya na yashi mai tsakuwa, ɗaya na dakakken gawayi. Ya jiƙa, ya sake matsewa, da ya buɗe hannu sai ta warwatse. Ya ce haka ake so.

Na fahimci dalilin a hanyar dawowa. A tukunyar da muka saba, ƙasa tana jiƙa ta bushe, ta jiƙa ta bushe, a lokacin bushewar ne iska ke shiga. A wannan kuwa danshi ba ya yankewa, dole ita ƙasar ta zo da gurbin iskarta. Na juye duka shidan na sake dasawa da yamma.

Asabar, 2 ga Disamba

Mako uku ke nan ta sama nake ba su ruwa, ɗakin ƙasa fanko. Sabon dashe saiwarsa ba ta sauka inda danshin lagwani yake ba, in aka bar shi da ruwan ƙasa kaɗai zai iya mutuwa da ƙishi alhali ruwa na ƙarƙashinsa. Yau na ɗaga bokitin na'ana'a na ga fararen saiwoyi sun leƙo ta huda. Na cika wa duka shidan: na'ana'a, ɗoɗɗoya, fis lili, moda, da biyu na mai yaɗon nan da ake kira moni.

Ita mai yaɗo da fis lili na ɗora su kan kanta mai tsawo. Ganyensu yana da sinadarin da ke ƙona baki da maƙogwaro idan aka tauna, auta kuwa yanzu duk abin da ya kama baki yake kaiwa.

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Hunturu ya kankama. Tun ƙarshen Disamba hazo ya rufe gari, ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shiga ko'ina har cikin kwanukan da ke rufe. Leɓe na tsagewa, wanki na bushewa kafin a gama shanya. Na ɗauka sanyi zai rage musu sha, ashe bushewar iska ta fi sanyin tasiri ga masu laushin ganye. Na'ana'a tana shanye lita ɗaya da rabinta a kwana shida, ɗoɗɗoya a kwana takwas. Fis lili kwana goma sha ɗaya. Masu yaɗo sun haura mako biyu. Duk Juma'a ina goge ganyen masu faɗi da jiƙaƙƙen tsumma, domin ta ƙananan ƙofofin jikin ganye shuka ke shaƙar iska, ƙura kuma tana tare mata haske.

Modar ce ta ba ni baƙin ciki. Tun da na cika mata a farkon Disamba tsinkenta da ƙyar ya motsa, ni kuma ina murna wai ta fi kowa tattali. Shekaranjiya na ga ganye ɗaya ya karkata. Na taɓa shi sai ya biyo hannuna, gindinsa ya yi laushi ya yi ruwa-ruwa, ga wani wari kamar na albasar da ta ruɓe a buhu. Na zazzage tukunyar a kan jarida. Cikin ganye bakwai huɗu sun tafi, saiwarsu ta yi baƙi tana saɓulewa.

Laifin nawa ne, kuma amsar tana gabana tun ranar farko: shukar da ta yi kwana tara a zafin Afrilu babu ɗigon ruwa ba ta nuna komai ba, me za ta yi da lagwani? Moda da alobera a jikinsu suke ajiye ruwa. Ƙofofin ganyensu ma da dare suke buɗewa, da rana su rufe don kada su yi asarar danshi. Moda 'yar ƙasar nan ce, tana fitowa a daji a gindin itace da jikin suri, mutanen da har zare suke fitarwa daga ganyenta su tufka igiya. Ta saba da wata bakwai na rani. Ƙasa mai danshi dare da rana, ga sanyi, ita ce ajalinta.

Na yanke inda ya ruɓe da reza, na bar ukun da suka rage a inuwa kwana biyu bakin yankan ya bushe. Yau na mayar da su kaskon ƙasa mai huda, rabinsa yashi. Ba za su ga ruwa ba sai bayan mako biyu. Tukunyar tata na wanke da ruwan zafi na dasa wata na'ana'ar, wadda ita ko a bakin kwata aka jefa ta murna take.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Wani farin ɓawo ya fito a saman ƙasar duka tukwanen, kamar an barbaɗa kanwa. Bakin ganyen fis lili ya fara ƙonewa, ya yi ruwan ƙasa ya ƙanƙance. Na kankaro ɓawon da cokali na duba, iri ɗaya ne da wanda ke kama cikin butar dafa shayinmu. Ruwan burtsatse muke amfani da shi, shi kuwa yana ɗauke da gishirin da ya narko daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa.

Nan ne babban bambancin tukunyar nan da ta gargajiya, ban kuma ga an rubuta shi a jikin kwalin waɗanda na saya ba. Idan ta sama aka zuba ruwa, yana ratsa ƙasa ya fice ta gindi da gishirinsa. Idan ta ƙasa yake hawowa, ba shi da mafita sai sama: ruwan ya bi iska, gishirin ya zauna. Kullum ƙaruwa yake. Ga shi kuma a watan jiya na narka takin zamani, mai lamba 15-15-15, na ɗura a ɗakin ruwa, na ƙara wa Borno dawaki.

Na kwashe saman ƙasar kamar kaurin yatsa na zubar. Na fitar da bokitan ciki zuwa banɗaki, na yi ta kwarara musu ruwa ta sama har sau uku, ina barin shi ya tsiyaye. Ɗakunan ruwan ma na wanke, akwai santsi a gindinsu. Daga yau wankin ƙasa sau ɗaya a wata. Taki kuma rabin abin da nake sawa, shi ma ta sama.

Fis lili, wadda asalinta daga dazuzzukan Amurka ta Kudu ne masu yawan ruwan sama, ita ta fi jin jiki. Zan riƙa tara mata ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki a wajen aikinmu idan an fara kunnawa, shi ba shi da gishirin.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi shida yau. Sanyi ya tafi kamar ba a yi ba. Na'ana'a ta koma kwana huɗu, kuma tana biyan kuɗin ruwanta, kullum da ita muke shayin buɗe baki, har maƙwabta ana aikowa.

Jiya bayan la'asar na tarar da ɗoɗɗoya ta yi laushi, kanta a sunkuye. Na girgiza bokitin na ji ruwa cike. Na tona ƙasa na ji ta bushe ƙamas har ƙasa. Da na ɗaga bokitin ciki sai ga lagwanin ya tsinke, rabi na iyo a ruwa, baƙi, yana narkewa a hannu. Auduga ce. A risho kananzir ke jiƙa ta shi ya sa take daɗewa, a cikin ruwa da taki kuwa wata huɗu ya ishe ta ruɓewa. Da a lokacin tafiya abin ya faru, da na dawo na tarar da gawa a kan ruwa.

Na bi sauran ukun da na haɗa, duk sun kusa. Na samo tsohon bargon yara irin na roba mai laushi, na yayyanka shi tsiri-tsiri, faɗin yatsa biyu. Kafin in sa, na gwada: na tsoma bakin ɗaya a kofi na rataye ɗaya bakin a sama, cikin 'yan mintoci danshi ya hau. Zaren roba ba ya ruɓewa. Na zura sababbin da tsinken saƙa ba tare da na tumɓuke shukokin ba, na jiƙa ƙasar sosai ta sama, domin busasshiyar ƙasa ba ta jan ruwa daga lagwani sai an fara haɗa su da danshi. Kafin sahur ɗoɗɗoyar ta miƙe.

Asabar, 6 ga Afrilu

Litinin za mu tafi, sai ranar 16 ga wata za mu dawo in Allah ya yarda. Kwana takwas. Zafin bana ya kai inda ya kai. A rediyo an ce ranar Laraba garin Kayes na ƙasar Mali ya kai 48.5 a ma'aunin zafi, mu ma nan wayata 41 take nunawa da azahar. Na'ana'a yanzu kwana uku take ƙarar da ruwanta. Lissafin bai fita ba.

Abubuwa huɗu na yi. Na aske na'ana'a da ɗoɗɗoya na bar rabin tsayinsu, tunda ta ganye ruwan ke fita, wanda na yanka kuma na shanya zan kai wa Inna. Na kwashe su daga baranda zuwa falo, nesa da tagar yamma, na jera su jiki da jiki don su riƙe wa juna danshi. Na rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa. Sannan na'ana'a biyun na cire bokitansu na ciki na ɗora a bakin wasu manya masu cin lita biyar, da lagwani mai tsawo har gindi. Wannan na ƙarshen ina ɗar-ɗar da shi, domin ruwa yana da iyakar inda yake iya hawa a lagwani, in ya yi ƙasa da yawa jan zai ragu. Ba ni da lokacin gwadawa.

Laraba, 17 ga Afrilu

Alhamdu lillahi. Jiya da magariba muka iso, ban ko ajiye jaka ba na wuce wajensu. Duka shidan suna raye. Masu yaɗo har sabon ganye suka yi, da sauran ruwa kusan rabi. Fis lili tsinkenta ya nutse amma ƙasarta da sanyi. Ɗoɗɗoya ta ƙarar da nata, ta ɗan sunkuya, na ba ta ta sama da safe ta tashi. Na'ana'a ɗaya lafiya lau. Ɗayar ganyenta na ƙasa sun yi rawaya sun zube, ga kusan lita biyu a bokitin ba ta iya kaiwa gare shi ba. Na auna da rula: daga saman ruwan zuwa gindin ƙasa santimita 19. Abin da na ji tsoro ke nan. Ɗaki mai faɗi ake so, ba mai zurfi ba. Nan gaba baho zan sa.

A Gumel na ba Inna labarin bokitaina, tana zaune tana tsince zogale. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta nuna gindin randarta da haɓa.

"Ke 'yar nan, dubi can. Wa ya taɓa ba wannan ruwa?"

Wata tafasa ce da ɗan yaɗon kabewa suka fito a jikin randar, kore shar a tsakiyar Afrilu, alhali duk tsakar gidan ƙura ce. Randar ƙasa tana zufa, zufar nan ce ke sanyaya ruwan sha, ita ce kuma ke shayar da abin da ya tsiro a gefe. Inna ta ce mahaifinta a gindin dashen lemo yakan binne tsohon tulu har wuya, ya cika shi ya rufe da sakaina, sai bayan kwanaki ya waiwaye shi. Na tuna da Malam Mohammed Bah Abba, malamin nan da ya koyar a Dutse, wanda ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye a ƙauyukan Jigawa, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Zufar yumɓu ɗaya ce, shi ya juya ta wajen sanyi, kakana ya juya ta wajen ban ruwa. Na taho da ƙananan tukwanen ƙasa biyu daga kasuwa, waɗanda ba a shafa musu komai ba.

Asabar, 29 ga Yuni

Ruwa ya sauka, komai ya juye. Na'ana'ar da ke shanye bokiti a kwana uku yanzu tana kwana tara. Na baranda kuwa feshin ruwan sama yana cika su, hudar gefe ce ke cetonsu. Na ajiye baho ina tarar ruwan indararo, bayan na bar na farko ya wanke rufi, kuma tun da na koma shi farin ɓawon bai dawo ba.

Da safiyar nan na haska tocila cikin bututun ɗoɗɗoya na ga abubuwa suna wutsil-wutsil. Tsutsar sauro ce. Gabana ya faɗi, don a falon nan yara ke kwana idan an ɗauke wuta. Akwai sauro mai zanen fari a ƙafa, wanda ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, shi ruwa mai tsabta da ke zaune a mazubi yake nema, kuma daga ƙwai zuwa mai fiffike mako ɗaya zuwa kwana goma ne. Na zubar da ruwan duka a kan siminti mai rana, na goge cikin bokitan da soso saboda ƙwan yana manne wa jiki. Na yanko tsohon gidan sauro na ɗaure bakin kowane bututu da robar ɗaure kuɗi, na liƙe hudar gefe da shi, na cusa tsumma a tazarar da ke tsakanin bokiti da bokiti. Wanda zai haɗa irin wannan, don Allah ya yi haka tun ranar farko.

Asabar, 24 ga Agusta

Kwana huɗu ba mu ga rana sosai ba. Ƙananan baƙaƙen ƙudaje sun fara tashi daga ƙasar fis lili, alamar saman ba ya bushewa. Na juye ruwan ɗakin ƙasa na masu yaɗo da nata, zan bar su fanko har ƙarshen Satumba, ina ba su ta sama sai yatsa ya ji bushewa. Ko bayan damina, idan tsinke ya nutse zan jira kwana biyu ko uku kafin in cika.

Modar da na ceto ta fito da 'ya'ya biyu a gefen kasko, tsayin ɗan yatsa. Tukwanen Gumel kuma na binne ɗaya a tsakiyar babban baho har wuya, na zagaye ta da na'ana'a, na rufe bakinta da murfin kwano. Na cika ta ranar Lahadi, yau na leƙa ruwan ya sauka kamar kaurin yatsa biyu kacal. A damina wannan ba ya nuna komai. Na ja layi da gawayi a cikin wuyanta, zan fara ƙirga kwanakinta gefe da gefe da bokitin lagwani idan iskar hunturu ta taso a Nuwamba.